Mutum Uku a Gefen Hoto

Litinin, 3 ga Maris
Na sauka gidan Kawu. Na zo ɗaukar hotunan gonakin da aka gudu aka bari tun da 'yan bindiga suka fara shigowa. Filaye kawai, ba fuskar kowa. Kawu ya ce, "Yanzu tun daga birni kika zo ɗaukar ciyawa?"

Laraba, 5 ga Maris
Wata mata a bakin rijiya ta ga kyamara, ta janye 'yarta. "Wa ya aiko ki?" Na ce ba kowa. Sai ta ƙara tsorata.

Alhamis, 6 ga Maris
Gonar bayan dutse. Hatsi ya bushe a tsaye, ba wanda ya girbe. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai ga mutum uku can ƙarƙashin bishiya, ban ma lura da su ba. Ɗaya da wani abu dogo a kafaɗa. Bindiga? Sanda? Ina ƙara girman hoton yana dishewa.

Juma'a, 7 ga Maris
Na nuna wa Kawu, shawara kawai nake nema. Kafin la'asar shugaban 'yan sintiri ya iso ƙofar gida. Wai, "'Yata, kin yi aikin lada." Na ce ban tabbata ba fa. Ya ce tabbatarwa aikinsu ne.

Lahadi, 9 ga Maris
Sun kama su. Makiyayin bayan dutse ne da 'ya'yansa biyu. Shekara ashirin yana kawo wa Kawu madara. An karya wa babban ɗansa hannu. Uban ya rantse sanda ce. 'Yan sintiri sun ce sun tsinci kwanson harsashi kusa da bukkarsa. Kawu ya ce wace gona ce yanzu babu shi? Amma a ɗaki ya faɗa, a hankali.

Talata, 11 ga Maris
Na je bukkar makiyayin ba da haƙuri. Sun tashi. Tokar murhu da sauran ɗumi. Na ce ba zan ɗauki hoto ba, sai na ji yatsana ya danna.

Laraba, 12 ga Maris
Rabin gari na yi mini godiya, rabi ba sa amsa gaisuwata. Ni ma ban san wane rabin nake ba.

Asabar, 15 ga Maris
Da rana wani baƙo ya yi sallama, ƙafafunsa duk ƙura, yana neman ruwan sha. Na leƙa ta kafar ƙofa na ce babu.

Randa cike take. Gajiya ce kawai, ina jin.