Igiyar Gaban Jirgi

Park Hill, New York

Zuwa ga Kaka Idrissa, a Gaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ranar Asabar malamarmu mai koya mana tuƙin jirgin ruwa za ta kai mu wata hanyar ruwa da aka haƙa can arewa. A wani wuri jirgi yakan shiga tsakanin bango biyu, a rufe ƙofofin ƙarfe, a rage ruwan har jirgin ya sauka ƙasa. Ni aka ba igiyar gaba. Kaka, tsoro nake ji, kuma ina kunyar tambaya a gaban yara. Kai da ka tsufa a kogi, yaya zan yi?

Jikarka, Nafisatu

Zuwa ga amaryata Nafisatu,

Ina amsawa, kawunki Souley ke rubuta mini. Matsoraciya! Matar mai jirgi guda tana tsoron igiya? Da kin isa bango ki ɗaure tamau, ki ƙara ƙulli a kai. Rago ne ke riƙe igiya a hannu. Allah ya tsare.

Angonki, Idrissa

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa. Na ɗaure kamar yadda ka ce. Da ruwan ya fara sauka sai jirgin ya rataye a bango, ya karkace. Na ja ƙullin, ya ƙi kwancewa. Ƙawata Salima ta zame ta bugi ƙarfe, hannunta ya karye. Ni kuwa na tsaya ina kallo har malama ta yanke igiyar da wuƙa.

Ashe a nan ba a ɗaurewa. Zagayawa ake yi da igiyar a jikin ƙarfen bango, a riƙa saki a hankali. Malama ta ce kowa da kuskure ya fara, in dawo. Mama ta ce ni da ruwa har abada, sai in kai ka yarda. Ina so in koma, amma na kasa kallon Salima. Ka gaida mutanen gida.

Nafisatu

Nafisatu,

Ina gaishe ki. Ruwan da ke zamewa daga ƙarƙashin jirgi ban san shi ba, ba ni da abin koya miki. Ki ce wa Salima tsohon Gaya yana ba ta haƙuri. Na kira uwarki in ce ta bar ki ki koma, ta ji muryata ta ajiye wayar, tana fushi da shawarar da na ba ki. Gobe zan sake kira.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki