Dakalin da Ya Tare Lungu

Zuwa ga amini na, Malam Ɗanjuma mai gyaran taru, a gidan ɗiyarka Laraba can Wara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Laraba da maigidanta da yara. Ka san ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Na kuma ce a sa wasiƙar nan inda mutanen Yelwa za su gani, domin a gaban mutane na yi maka dariya.

Tun muna yara a gungu, can tsakiyar kogi, kafin ruwan dam ya cinye garinmu, ni ke ɗaukar ka in sa a kwalekwale, kai kuma ka karɓe filafili, don shan inna ƙafa kawai ya taɓa maka, hannunka ya fi nawa ƙarfi. Da aka tashe mu zuwa tudu, lungu ɗaya muka zauna, kai a ƙarshensa, ni a baki. Kowace safiya ƙarar kekenka na hannu ke gaya mini gari ya waye, za ka gangara bakin ruwa wurin tarun masunta.

Daminar da ruwa ya dinga shigo mini zaure, na kira magini ya yi mini dakalin siminti a ƙofar gida. Na ce a faɗaɗa shi ya ɗauki tabarma, har ina cewa ni da kai za mu riƙa hira a kai. Da ka zo wucewa, ka daɗe kana gyara kan keke tsakanin dakalin da kwata, sannan ka ce, "Garba, dakalin nan naka ya yi ƙiba." Na ce kai ne ka yi ƙiba, majalisa ta kwashe da dariya. Kai ma ka yi.

Daga nan na daina jin ƙarar keken. Aka ce ta titi kake zagayawa, cikin 'yan kabu-kabu da motocin kifi, sannan ka faɗa yashin bayan kasuwa. Na ce ai Ɗanjuma da son yawo. Ka koma zuwa bakin ruwa jefi-jefi, sai ka bari gaba ɗaya. Ranar da Laraba ta zo ta tafi da kai ka ce wa kowa tsufa ne, ni kuma na karɓa, don karɓar ta fi mini sauƙi.

Kwanan baya wata malamar makaranta, Malama Hadiza, ta yi mini sallama. Ita ma a keke take. Ƙungiyarsu ta masu buƙata ta musamman na bin lungunan gari suna sawa a waya: inda keke ke wucewa kore, inda matakala ko rami ko yashi ya tare ja. Mutum ya faɗa wa wayar inda za shi, ta zana masa hanya, makaho kuma ta yi masa magana. An gaya mata ba wanda ya kai ni sanin hanyoyin garin nan. Ka san ni da wannan. Na gyara zama na yi ta zuba mata, inda ruwa ke kwanciya, inda masu bandar kifi ke jibge itace.

Na ce bari in gwada wayar. Na ce ta tambaye ta hanya daga ƙofar gidanka zuwa bakin ruwa. Sai ga shi ta zana zagayen titin nan naka, babu ko kuskure. Na ce ƙarya take, ga lungu miƙaƙƙe a gabanmu. Malama ba ta yi musu da ni ba, ta dai juya keke ta shiga. A daidai dakali ta maƙale. Na sunkuya in taimaka, sai na ga ƙarfen tayarta ya zauna cif cikin wani tsohon zane a gefen simintin. Kullum ina ganin zanen nan, ina zagin yaran unguwa a kansa. Ashe naka ne, Ɗanjuma. Ba sau ɗaya ka gwada ba, simintin ya ciyu sosai.

Kada ka ɗauka nan take na rushe dakalin. Na ce wa Malama wayarta ba ta san ruwa na shiga zaure ba. Na ci gaba da zama a kai, sai dai hira ta daina yi mini daɗi, abinci ma haka.

Yanzu dai babu shi. Da hannuna na fasa, na hana kowa taɓa gudumar, kafaɗata har yau ba ta saki ba. Na jera buhunan yashi a bakin zaure, in ruwa ya ga dama ya shigo. Malama ta dawo ta wuce sumul, ta mayar da lungun kore. Ta ce gangaren masu banda ya zaizaye, amma wayar ta nuna wata hanya ta bayan masallaci. Ban yarda ba sai da na tura baro cike da ƙasa na bi ta har bakin ruwa, mutane na tambaya ko na fara dako. Tana biyuwa. Wuri ɗaya ne mai tudu, nan kuma zan tura ka.

Ka ce Laraba ta buɗe wayarta ta nuna maka. Ban ce ka yafe mini daga can ba. Ka zo ka bi lungun, in ya yi maka, ma yi maganar a bakin ruwa. In ma Wara ta fi maka daɗi, ka zo ko na yini ne.

Allah ya ƙara wa hannunka ƙarfi, ya yi wa Laraba albarka, ya ara mana kwana mu gana, ya sa kada in sake tare wa wani bawansa hanya. Amin.

Naka mai taurin kai,
Garba na bakin lungu, Yelwa.