Awa Biyun da Inna Take Nema

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya zafin Madina, ya iyali, ya jikin maiɗakinka? Mu nan Kebbe lafiya lau, gero ya yi kyau.

Maganar tafiyar Inna zuwa Umara ce ta ɗaure mini kai. Ka ce jirgi zai tashi Sakkwato ƙarfe goma na safe, ya sauka wurinku biyar na yamma, kuma ka ce tafiyar awa biyar ce. Na ƙirga da yatsu har sau fuɗu, bakwai nake samu. Kawu na Tambuwal ya ce agogonku ne ke gaba da namu. To, rana ba ɗaya ba ce?

Inna dai ta ce ɓoye mata kuke yi, jirgin yana tsayawa wani wuri. Ta kwance kayanta, wai ba ta hawa sai ta san inda za ta yi azahar.

Don Allah ka kira ta da kanka. Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Inna ta ce in tambaye ka: awa biyun nan, za a mayar mata da su in ta tashi dawowa?

Ƙanwarka,
Hadiza