Ƙullin Da Ban Sa Wa Yawu Ba

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Allah a inda kake. Ka yi haƙuri da Hausata, ka san Larabci ya fi zama a bakina. Amma da Hausa kake kirana, don haka da ita nake so in yi maka magana.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Babban kifin nan da ya kuɓuce maka a fitarka ta ƙarshe, wanda ka ce ya fi ka wayo, ba wayonsa ba ne. Ni ce. Ban sa wa ƙullin ƙugiyar yawu ba.

Ina tuna kowace Alhamis da za ka fita su. Kana dawowa daga wurin aikin gininku na Dir'iyya, ko hutawa ba ka yi, sai ka shimfiɗa tabarma a falonmu na Nasim, ka jawo shuɗin akwatin nan. Maƙwabta suna mamakin mutumin da yake zaune a Riyad, garin da ba teku, amma zai tuƙa mota awa huɗu zuwa gabas don ya kwana a kan duwatsu yana jiran kifi. Kai kuwa ka ce jikan Sarkawan Yawuri ko a tsakiyar rairayi aka ajiye shi sai ya jiyo ƙanshin ruwa.

Ƙarus kake nema. Ka ce ƙanin giwan ruwa ne da ya zo ci-rani ƙasar Larabawa, kamar mu. Da rana ba ya yarda, sai duhu ya yi yake matsowa gefen duwatsu. Kuma a duhu ba a ɗaurin ƙugiya, shi ya sa komai a gida ake gamawa tun da ido yana gani.

Sai ka fara sa tocilan ɗin goshi a caji. Ka leƙa baƙala, kantin unguwarmu, ka sayo ƙanƙara, ka jera jatan lande a kula. Mama tana cika filas da shayi tana mita wai falonta ya koma bakin kogi. Ni da farko aikina ware dalmar da ke nitsar da ƙugiya ne, manya daban, ƙanana daban. Da na shiga aji shida ka ce na isa ɗaurin ƙugiya.

Ka riƙe yatsuna ka nuna min. A zura zaren, a naɗe sau biyar, a mayar da bakinsa ta ƙofar da aka bari. Kafin a ja, sai a sa ƙullin a baki a jiƙa shi. Na yamutsa fuska, ka yi dariya ka ce: “Zare busasshe kansa yake ƙonawa, Uwata. Yawunki ne ƙarfinsa.”

A ranar ne ka yi min alkawari. Ka ce duk ranar da ƙugiyar da na ɗaura ta riƙe ƙarus, fita ta gaba da ni za a yi. Na ci gaba da ɗaurina, ka san ni. Amma ranar ko abincin dare ban iya ci ba don murna.

To Alhamis ɗin fitarka ta ƙarshe, Rima 'yar maƙwabtanmu da muke aji ɗaya ta shigo karɓar littafin lissafi. Ta zauna tana kallona. Kai kuwa ka sauka don ka kai kula mota. Na naɗe zaren sau biyar, na ɗaga shi zuwa bakina, sai na ji kunya. Na ga kamar ranar Lahadi in an koma makaranta duk ajinmu za su ji cewa ina tsotsar zaren kifi. Sai na ja shi haka nan a bushe. Guda shida na ɗaura, duk a bushe. Da ka hawo ka tambaye ni ko na gama, na gyaɗa kai.

Ka dawo Juma'a da hantsi, idanunka jajaye. Ka ba mu labarin yadda kifin ya lanƙwasa sandar, yadda Baffa Isiyaku, abokin tafiyarka, ya taso da gudu da raga a hannu, har kun ga farin cikinsa a hasken tocilan. Sai zaren ya dawo ba ƙugiya. Ka ce tunda kake zuwa tekun nan ba ka taɓa riƙe irinsa ba, amma ya fi ka wayo. Mama ta yi dariya ta ce kullum wanda ya tsere shi ne babba.

Ni ban yi dariya ba, don na ga bakin zaren. Ya nannaɗe kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Kai ka koya min cewa in dutse ne ya yanke zare, bakinsa a miƙe yake. In ya nannaɗe, ƙulli ne ya saki. Na sani, ka sani. Ka dube ni sau ɗaya, ka ce in kawo maka ruwan sha.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa maka. Sati uku ina cewa gobe. Sai aka bugo wa Mama waya daga wurin aiki aka ce ƙirjinka ya riƙe, an wuce da kai asibiti. Ba ka sake dawowa gida ba. Yanzu kowace safiya motar makaranta tana bi da mu ta gefen katangar maƙabartar Nasim, ni kuma ina sunkuyar da kai, kamar za ka ɗago ka tambaye ni.

Abba, saura kwana goma sha biyu Mama ta fita takaba. Iƙamarmu, takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunanka take, don haka za mu koma Yawuri, garin da sau biyu kawai na taɓa gani. Mama ta ce ba wurin akwatinka a kayanmu. Ta ce a ba Baffa Isiyaku, jibi Alhamis zai zo ya ɗauka, daga nan su wuce teku shi da matarsa Inna Rabi. Ta sa ni in goge shi.

Jiya da la'asar na buɗe. Har yanzu yana warin gishiri da jatan lande. Da na ɗaga farantin dalmar, sai na ga ƙaramin tocilan ɗin goshi, sabo a ledarsa. Ka rubuta “Uwata” a jiki. Kuma da guntun zaren nan mai nannaɗe ka ɗaure ledar.

Ashe bayan ka sani ka saya.

Na daɗe a zaune. Daga baya na jawo zare da ƙugiyoyi na fara ɗauri. Kowanne sau biyar, kowanne na sa a baki. Mama ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina, ta ce haka kake murguɗa baki in kana ja, sai ta koma ta rufe ƙofa. Guda goma sha biyu na ɗaura. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a hannun ƙofa, ba wanda ya saki.

Ka san tunda nake ban taɓa ce wa Baffa Isiyaku komai ba bayan ina wuni. Yau sau da yawa na tsaya gaban madubi ina maimaita abin da zan ce masa. Gobe bayan asuba zan fara faɗa wa Mama maganar ƙullin, duka, sannan in roƙe ta ta bar ni. In ta yarda, jibi ni zan miƙa wa Baffa akwatin da hannuna, in ce masa ina so in bi su. Ko muryata ta yi rawa zan faɗa.

Na riga na sa tocilan ɗina a caji, a wurin da kake sa naka.

Ka yafe min, Abba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ba Mama haƙuri, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Uwarka, Nusaiba