Man keken ɗinki a injin tsoho

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya shago? Ya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ya maiɗakinka da yara?

Yaya, kaina ya ɗaure. Kafilina, dattijon da ya ɗauko ni aiki nan ƙasar waje, yana da wani tsohon injin wasa a gidansa na Ruwais, tebur mai gilashi da ƙwallon ƙarfe ke yawo a ciki, ƙararrawa na kaɗawa, lambobi na juyawa. Tun rasuwar matarsa, shi kaɗai ke sa tsohon dariya bayan la'asar.

Ran Asabar na ji yana ƙugi, sai na buɗe cikinsa na bi duk abin da ke motsi da man keken ɗinki, yadda ka koya mini. Kwana uku yana tafiya sumul. Jiya lambobin suka maƙale, ƙararrawa ta yi shiru. Mai gyara ya leƙa ya ce, "Irin wannan a bushe yake aiki, shi mai, ƙura yake tarawa." Wane irin ƙarfe ne ba ya son mai?

Ɗan kafilin ya ce halas, wato ya gama aiki, a jefar. Tsohon kuwa ya zauna yana danna maɓallan, ya ce mini, "Musa, ita ta saya mini shi." Bai san ni na yi ɓarnar ba, ga iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a hannunsa. In faɗa masa ne, ko in yi shiru?

Ka gaida kowa, Inna ta sa ni a addu'a. Kuma don Allah ka amsa da wuri. Zuba mai ka koya mini, ba ka taɓa nuna mini yadda ake cire shi ba.

Ƙaninka,
Musa