Kawu Ya Yanke Hatimin Likita

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya jikin Inna? Ya shanu da damina? Mu nan Karu lafiya lau, sai abin da Kawu Sale ya jawo mini.

Nan ba kamar gida ba ne. A mayanka ake yanka, sai likitan dabbobi ya duba hanta da huhu, sannan ya buga wa nama hatimin shuɗiyar tawada. Ranar Laraba na bar Kawu a teburin da nake sayar da nama na tafi Azahar. Ya ga shuɗi a jikin cinya, ya ce nama ya fara ɓaci, ya wasa wuƙa ya yanke kowane hatimi tas. Ina dawowa sai ga masu duba nama. Ogarsu ta juya cinya, ta ce, "Malam, ina hatimi? Yankan ɓoye ne wannan. Za mu kwashe, kawo lasisinka."

Abin da ya cece ni, Kawu ba ya zubar da nama. Ya zaro ƙullin leda daga aljihu cike da guntayen da ya yanke, wai ɓacin bai kai na zubarwa ba. Muka duƙa muna mayar da hatimi mazauninsa kamar masu facin taya, har matar ta fashe da dariya, ta ƙyale mu.

Gobe zan sa Kawu mota a tashar Nyanya, ya dawo gida. A gaida Inna, a sa mu a addu'a. Shanun Sallah ku turo. Kawu kuwa, in ya iso, ku riƙe abinku.

Ƙaninka,
Iliya