Abin da Aka Tono a Gindin Soron Barau

Gagarawa Tasha, watan Oktoba 1955.

Zuwa ga Kawu Ishaƙ a Kumasi. Gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Goggo Zuliha da yara. Allah ya tsare ku a baƙuwar ƙasa. Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka, gero ya cika rumbu. Na gama makarantar aikin gini a Kaduna, kuma an ɗauke ni aikin duba rijiyoyi a Gumel.

Kawu, abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne, kuma gara ka ji shi daga gare ni. 'Yar'uwarka, Inna Turai, ba ta gida tun farkon damina, tana Ɗanzomo wajen Bappa, ɗan'uwan mahaifinmu. Ka tuna kududdufin bayan gidanmu, inda aka ɗebi ƙasar gina unguwa? Maƙwabcinmu Barau ya cike shi da shara da yashi, ya ɗora soro a kai. Ranar da ake sa harsashin ginin Inna ta leƙo ta ce masa ginin nan ba zai tsaya ba. Bana bangon gabas ya tsage daga ƙasa har sama, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai Barau ya bi gari yana cewa Inna ce ta yi masa baki, har ta binne masa ƙaho a gindin gini. Mata suka daina karɓar wuta a hannunta, suna janye 'ya'yansu in ta wuce. Matar da ta yi wa rabin unguwar nan wankan jego! Ta ɗaure kayanta ta tafi.

Da na dawo na ji, zuciyata ta so in je masa da sanda. Amma na tsaya na duba, don ina tsoron faɗar abin da ban tabbatar ba. Rijiyar kwari da muke sha, da can sai igiya gaba biyar take taɓa ruwa. Na auna sau da dama, yanzu gaba ɗaya ce. Shekarun nan na ruwa mai yawa sun sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, kuma zurfin kududdufin ya fi gaba biyu. Ruwa ya shiga gindin cikon, shara ta ruɓe, yashi ya lotsa, sai nauyin soro ya danna gefen da ke kan ramin ya nutse, gefen da ke kan ƙasa mai ƙarfi ya tsaya. Abin da ya yage bangon ke nan.

Ban gaya wa Barau komai ba. Na je wurin dagaci na ce tunda an ce an binne ƙaho, to a tono shi a gaban jama'a, kuma mai zargi ya riƙe galma da hannunsa. Barau ya yi murna, har ya gayyato mutane ranar kasuwa. Ya yi ta tono yana cika baki, yana fito da sakaina da tsumma da ƙashin akuya, kowanne ya ɗaga a ce masa shara ce. Da ramin ya kai masa wuya sai baƙin taɓo mai wari, ruwa ya fara tsattsafowa har ya rufe masa idon sawu. Wani tsoho ya tambaye shi ko Turai ce ta binne masa kogi. Kawu, Allah ya yafe mini, ban taɓa jin daɗin dariya irin ta ranar ba, kuma ban miƙa masa hannu ya fito ba.

Na gaya masa ya kwashe iyalinsa daga soron, don ban san ranar da zai faɗi ba, kuma 'ya'yansa ba su yi mana komai ba. Ya kwashe su, shi kuwa ya koma kwana a rumfar awaki. Jiya ya zo da kansa yana sunkuyar da kai, yana roƙon in nuna masa inda zai sake gini. Na san wurin sarai. Na ce masa ya je Ɗanzomo a ƙafa, ya durƙusa wa Inna, ya ɗauko mata kayanta a kansa ya ratsa kasuwa da su. Ranar da ta zauna a ƙofar ɗakinta, ranar zan nuna masa. Kafin nan ya ci gaba da kwana a rumfar awaki. Kada ka rubuto ka ce in yi haƙuri, Kawu, wannan karon ba zan iya ba.

Ka gaida Goggo Zuliha da Ilu da Kyauta. Yaya Rakiyya da A'i suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka,
Rabe.